Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: Birchfield Harriers na cika shekara 150

A shekara ta 2027 ne wata ƙungiyar ƴan guje-guje da tsalle-tsalle ta birnin Birmingham, can ƙasar Ingila, mai suna Birchfield Harriers, take cika shekara 150 da kafuwa. Mai karatu na Maraɗi ko na Damagaram yana iya cewa ina ruwan biri da gada. To, akwai ruwa. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa zura hannu cikin aljihu ya saya wa samarin unguwa riguna da ƙwallo, da duk ma'aikacin da aka taɓa ɗora wa riƙon asusun wata ƙungiya, ya san kafa ƙungiya ba shi da wuya: yini guda ya isa, muddin akwai tabarma da shayi da mai rubutu. Abin da ke da wuya shi ne ƙungiya ta binne waɗanda suka kafa ta, ta binne ƴaƴansu da jikokinsu, ita kuwa tana nan ana buɗe ƙofarta kowane maraice. Wadda ta yi haka har ƙarni ɗaya da rabi ta cancanci a tsaya a dubi abin da ta taka.

Zomo da karnuka

Sunan kansa yana ɗauke da tarihin wasan. Birchfield wata unguwa ce a arewacin Birmingham. Harriers kuwa, a Turancin Ingilishi, sunan wasu karnuka ne da ake farautar zomo da su. A ƙarni na 19 ƴan lakwal na Ingila suna da wani wasa: a zaɓi mutum biyu masu sauri a ce su ne zomaye, a ba su jakunkuna cike da yagaggun takardu, su yi gaba suna watsawa cikin gonaki da kwazazzabai da shingaye. Bayan ƴan mintoci sai a saki sauran, wato karnuka, su bi sawun takardun har su cim musu ko su gaji. Bahaushe ya riga ya faɗa, kowa ya ci zomo ya ci gudu. Daga wannan wasa ne gudun ƙetare dawa ya samo asali, kuma ƙungiyar manya ta farko da ta ɗauke shi da gaske ita ce Thames Hare and Hounds, wadda aka kafa a Landan a 1868.

Birmingham a wancan zamani birnin maƙera ne da masu aikin ƙarfe da tagulla, birnin hayaƙi da ƙananan masana'antu barkatai. A lokacin ne kuma al'adar sakin ma'aikata da azahar ranar Asabar ta bazu, talaka ya sami rabin yini nasa na kansa. Wasu suka kai shi gidan giya, wasu suka kai shi filin ƙwallo, wasu kuwa suka kai shi dawa suna gudu cikin sanyi da taɓo.

Ba cikin lumana aka haifi Birchfield Harriers ba. Wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa mai suna Excelsior ce ta shirya gudun ƙetare dawa, aka tashi da gardama a kan yadda aka tafiyar da shi, sai wasu daga cikin ƴan gudun suka yi fushi suka ware, suka kafa tasu a 1877. Wannan labari ba baƙo ba ne ga duk wanda ya san ƙungiyoyi, domin yawancinsu daga ɓaraka suke fitowa, kuma yawancinsu ɓaraka ce ke kashe su. Filin da ƴan sabuwar ƙungiyar suka riƙa gudu a farkon zamaninsu yana Aston, a wurin da tun 1897 filin ƙwallon Aston Villa yake zaune.

Akwai wani shinge da ya fi na gonaki tsawo. Masu riƙe da ragamar wasannin a Landan, ƴaƴan manya da suka fito daga manyan makarantu, sun rubuta cikin dokarsu cewa mai aikin hannu, ko makaniki ne ko leburan masana'anta, ba ya cikin waɗanda za su shiga gasarsu. Ƙungiyoyin arewaci da tsakiyar Ingila, inda ma'aikata suka fi yawa, suka ƙi amincewa. Da aka kafa hukumar wasannin ta ƙasa a birnin Oxford a 1880, sai aka soke wannan sharaɗi. A wannan shekara ce kuwa Birchfield, tana da shekara uku kacal a duniya, ta ɗauki kambun ƙasa na gudun ƙetare dawa, wanda kafin nan ƴan Landan ne ke riƙe da shi.

Kishiyar da ta fi ta zakara

In ana son a gane abin da ya riƙe Birchfield, sai a dubi wadda ba ta rayu ba. A cikin birnin Birmingham ɗin nan akwai wata ƙungiya, Moseley Harriers, wadda ta karɓe kambun ƙasa daga hannun Birchfield ta riƙe shi shekara huɗu a jere, daga 1881 zuwa 1884. Ita ce ke da Walter George, wanda babu kamarsa a duniyar gudu ta zamaninsa. A 1886, bayan ya koma gudun kuɗi, ya yi mil ɗaya, wato mita 1609, cikin minti 4 da sakan 12 da kashi uku cikin huɗu, kuma aka yi kusan shekara 30 ba a sami wanda ya fi shi ba. Wanda duk aka tambaya a 1884 wace ƙungiya ce za ta kai ƙarni na 21, da Moseley zai nuna. Yau sai a littattafan tarihi ake cin karo da sunanta. Da zakarunta suka watse, babu abin da ya rage da za a jingina a kai.

Ita ma Birchfield ta ɗanɗani ɗacin dogara ga zakara. William Snook, wanda ya baro Moseley ya dawo wurinta, ya ci kambun ƙasa huɗu a gasa guda a 1885. Shekara ɗaya bayan haka ya zo na biyu a gudun ƙetare dawa na ƙasa, aka zarge shi da cewa da gangan ya sassauta ƙafa saboda masu caca, aka hana shi gasa har iyakar ransa. Ya mutu cikin talauci a 1916. Kuɗin caca sun kewaye wasan gudu na wancan zamani kamar ƙuda a kan nama, kuma ƙungiyar da ta bari suka shige ta ba ta yin nisa. Birchfield ta rasa gwarzonta, amma ta sake ɗaukar kambun a 1886 da shekaru biyu na bayanta, domin a gudun ƙetare dawa ba a ba ƙungiya kambu saboda mutum ɗaya. Ana haɗa matsayin ƴan gudunta da dama ne a ga wadda jimillarta ta fi kyau. Wanda ya zo na ashirin yana da amfani, wanda ya zo na talatin ma haka. Ƙungiyar da ta girma a kan wannan lissafi dole ta koyi kula da na baya kamar yadda take kula da na gaba.

Tambarin da ƙungiyar ta zaɓa namijin barewa ne mai rassan ƙaho, yana cikin gudu, a kan baƙar riga, takenta kuma ma'anarsa sauri da ƴanci. A wasannin Olampik na Landan a 1908, ɗaya daga cikin masu sanye da wannan riga, Archie Robertson, ya sami lambar zinariya a gudun mil uku na ƙungiya-ƙungiya, da ta azurfa a gudun tsallake shinge da ruwa.

Fili a kan juji

Babban abin da ƙungiyar ta yi a tarihinta ba a fagen gudu ta yi shi ba, a ofishin sayar da filaye ta yi shi. Kusan shekara 50 tana gudu a filayen wasu, yau nan gobe can. A 1926 ta sayi wani fegi a unguwar Perry Barr. Wurin juji ne, inda ake zubar da tokar gidan wutar lantarki, irin filin da ba mai kallonsa sau biyu. Aka share, aka daidaita, aka shimfiɗa hanyar gudu, aka gina rumfar ƴan kallo, aka sassaƙa barewar a jikin bangon gaba. A watan Yuli na 1929 aka buɗe shi, aka sa masa sunan iyalin Alexander, waɗanda suka yi shekaru suna ɗauke da nauyin ƙungiyar, musamman W. W. Alexander.

A nan ya kamata a dakata. Waɗanda suka ɗauki lambobi a Olampik suna nan, waɗanda suka kafa tarihin gudu suna nan, amma da aka zo raɗa wa fili suna, sai aka ba shi sunan masu shirya gasa, masu rubuta wasiƙu, masu bin mutane suna karɓar kuɗin ƙa'ida. Ƙungiyar ta san waɗanda ke riƙe da ita.

Fili kuwa ya zame mata gona. Ta ba masu tseren babur haya, masu tseren keke su ma suka shigo, kuɗin ƙofa suka riƙa shiga asusu. Ko ɗan kasuwar da bai taɓa gudun mita goma ba ya san wannan hikima: mai rumfar kansa a kasuwa ba ya tsoron ranar da ciniki ya yi sanyi kamar mai kasa kaya a bakin rumfar wani. Tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, mafi yawan shekaru Birchfield ce ke ɗaukar kambun ƙasa na gudun ƙetare dawa.

Da yaƙi na biyu ya ɓarke a 1939, gwamnati ta karɓe filin, daga baya ma aka tsare fursunonin yaƙi ƴan Italiya a ciki. Samari sun tafi fagen daga, wasu ba su dawo ba. Ƙungiyoyi da yawa a nan suka tsaya. Amma fili ba ya mutuwa a yaƙi, takardarsa kuma tana cikin akwati. A 1946 ƴan Birchfield suka koma gidansu, suka ɗora daga inda suka tsaya.

Ranar da ba a buga ganga ba

Abu na biyu da ya tsawaita ran ƙungiyar shi ne ƙofarta. A 1922, zamanin da likitoci da malamai da dama a Turai ke cewa gudu yana lalata lafiyar mace, Birchfield ta buɗe reshen mata. Ba a daɗe ba aka ga amfaninsa: Gladys Lunn ta ci gudun mita 800 a wasannin mata na duniya a birnin Prag a 1930, ta kuma ci zinariya biyu, a gudun rabin mil da jifan mashi, a wasannin daular Ingila na 1934.

Amma labarin da ya fi kowane nauyi shi ne na Diane Leather. An haife ta a 1933. Ta ga wasannin Olampik na Helsinki na 1952, abin ya shiga ranta, ta je ta rubuta sunanta a Birchfield, inda wata mai horaswa, Dorette Nelson Neal, ta karɓe ta. Da rana tana aikin harhaɗa sinadarai a jami'ar Birmingham, da maraice tana gudu.

Ran 6 ga watan Mayu na 1954, a Oxford, Roger Bannister ya zama namiji na farko da ya yi mil ɗaya cikin ƙasa da minti 4. Duniya ta ɗauka, jaridu suka cika, sunansa ya shiga littattafan lakwal. Kwana 23 bayan haka, ran 29 ga watan Mayu, a filin nan da aka gina kan juji, Diane Leather ta yi mil ɗaya cikin minti 4 da sakan 59.6, bayan ta riga ta yi wani tseren na rabin mil a wannan yini. Ita ce mace ta farko a duniya da ta sauko ƙasa da minti 5. Hukumar wasannin ta duniya ba ta rubuta shi cikin kundinta ba, domin sai a 1967 ta fara amincewa da gudun mil na mata. A 1955 Diane Leather ta rage lokacin zuwa minti 4 da sakan 45, shi ma bai shiga kundi ba.

Olampik ma ba ta da wurinta. An yi gudun mita 800 na mata sau ɗaya a 1928, aka soke shi, ba a maido shi ba sai a 1960. Na mita 1500 kuwa sai a 1972. A shekarun da ƙafarta ta fi ta kowa, babu tseren da za ta shiga. Da aka buɗe ƙofar a Roma a 1960 ta je, amma ƙarfin ya riga ya wuce, aka fitar da ita tun zagayen farko. Ta koma ta yi sauran rayuwarta tana aikin kula da yara marasa galihu. An ba Bannister sarautar Sir a 1975. Su biyun duka sun rasu a 2018.

Abin lura a nan shi ne, ranar da hukumar duniya ta kau da kai, akwai waɗanda ba su kau da nasu ba: wanda ya share hanyar gudun da safe, wanda ya auna ta, waɗanda suka tsaya a bakin layi da agogo a hannu, da wanda ya rubuta lokacin cikin littafi. Ba don su ba, da ranar ta wuce kamar ba a yi ta ba. Hukuma tana iya makara shekara 13 kafin ta ga abin da ke gabanta; ƙungiyar unguwa ba ta da wannan uzuri, domin ita ce ke wurin.

Ƴaƴan baƙi sun zama ƴan gida

Bayan yaƙi, unguwannin da ke kewaye da filin, Handsworth da Lozells da Aston, suka cika da baƙi daga Jamaika da sauran tsibiran Karibiyan, da Indiya da Pakistan, waɗanda suka zo aiki a masana'antu da asibitoci da motocin haya. Daga baya masana'antu suka yi ta rufewa, rashin aiki ya yi katutu, har aka yi mummunar tarzoma a Handsworth a 1985. Ƙungiyar da ke da tsohon suna tana iya ɗaga hanci ta ce ita ta ƴan asali ce. Birchfield ba ta yi haka ba. Ita da aka taɓa ce wa ma'aikatanta ba su isa shiga gasa ba, ta bar ƙofa a buɗe, kuma ƙofar ce ta ciyar da ita.

Jerin waɗanda suka biyo ta wannan ƙofa yana da tsawo. Peter Radford, wanda ciwon ƙoda ya zaunar a keken guragu yana yaro, ya ci tagulla biyu a Roma a 1960, a gudun mita 100 da na miƙa sanda. Ian Stewart ya ci tagulla a mita 5000 a Munik a 1972. Denise Lewis, wadda mahaifiyarta ƴar Jamaika ta rena ita kaɗai a Wolverhampton, tun tana ƴar lakwal take shiga jirgin ƙasa da mota bayan an tashi daga aji don ta zo horo a Birchfield. Ta ci tagulla a Atlanta a 1996 a gasar wasanni bakwai, wadda ke haɗa gudu da tsalle da jifa cikin kwana biyu, sa'an nan a Sidni a 2000 ta ɗauki zinariya da maki 6584, ƙafarta na naɗe da bandeji. A wannan gari da wannan shekara, Katharine Merry ta ci tagulla a mita 400. A Atina a 2004, Mark Lewis-Francis ne ya karɓi sanda ta ƙarshe a gudun miƙa sanda na mita 100 sau huɗu, ya riga Ba'amurke Maurice Greene taka layi da kashi ɗaya cikin ɗari na sakan, 38.07 da 38.08, Nijeriya kuma ta zo ta uku. Kelly Sotherton ta ci tagulla a wasanni bakwai a wannan gasa. A Paris a 2024, Matthew Hudson-Smith ya ci azurfa a mita 400 cikin sakan 43.44.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, haka ne. Sai dai ɗan barewar nan ba jini ya gada ba. Babu dangantakar haihuwa tsakanin Archie Robertson na 1908 da Matthew Hudson-Smith na 2024. Abin da ya haɗa su shi ne wuri sananne, da lokaci sananne, da babban mutum da yaro zai tarar yana jiransa ko ana ruwa ko ana ƙanƙara, mafi yawa ba tare da albashi ba. A bayan kowane mai lamba akwai ɗaruruwan yara da ba su taɓa cin komai ba, suka yi gudu shekara biyar ko goma, suka tafi da lafiyar jiki da sanin ƙa'ida da abokai. Daga cikinsu ne ake samun ma'aji da magatakarda da mai riƙe agogo na gobe.

Zanen aro

Tarihin bai rasa abin damuwa ba. A 1977, shekarar da ta cika 100, ƙungiyar ta bar filinta na Perry Barr ta koma wani sabo da aka buɗe kusa da shi a 1976, mai hanyar gudu ta zamani, wanda shi ma aka sa wa sunan Alexander. Tsohon filin kuwa, inda Diane Leather ta kafa tarihinta, a 1990 aka mayar da shi wurin tseren karnuka. Sabon gida ya fi tsohon kyau nesa ba kusa ba, amma na ma'aikatar magajin gari ne.

An ga daɗin haka, an kuma ga abin tsoronsa. Da Birmingham ta karɓi baƙuncin wasannin ƙasashe renon Ingila na 2022, aka kashe sama da fam miliyan 70, wato fiye da sefa miliyar 50, wajen sake gina filin. Daga 28 ga Yuli zuwa 8 ga Agusta duniya ta zuba masa ido. A nan Tobi Amusan da Ese Brume ƴan Nijeriya suka ci zinariya, a nan Ferdinand Omanyala na Kenya ya ci mita 100. Babu ƙungiyar unguwa da za ta iya gina irin wannan wuri da kuɗin ƙa'idar membobinta. Amma shekara guda bayan biki, a watan Satumba na 2023, ma'aikatar magajin garin ta fito fili ta ce kuɗin shigarta ba za su biya abin da ke kanta ba, musamman saboda bashin diyyar mata ma'aikata da aka daɗe ana biya ƙasa da maza. Wanda ke zaune gidan wani, in mai gida ya shiga uku, shi ma ba ya barci da ido biyu rufe. Zanen aro ba ya rufe katara, ko da na alharini ne. Ƙungiyar za ta shiga shekararta ta 150 da suna da tarihi da mutane, amma takardar filin da ta cece ta a 1946 ba irinta ce ke cikin akwatinta ba.

Abin da ya shafi mai karatu

A wasannin Munik na 1972, inda Ian Stewart ya ci tagullarsa, a nan ne Issaka Dabore ya ciyo wa Nijar lambarta ta farko, tagulla a damben zamani. Aka yi shekara 44 kafin ta biyu ta zo, azurfar Abdul Razak Isufu Alfaga a taikwando, a Rio a 2016. Daga 1964 da Nijar ta fara zuwa Olampik har 2024, lambobin ke nan guda biyu, adadin da ƙungiyar unguwa ɗaya ta kwaso a Sidni cikin ƴan kwanaki. Ba ƙafa aka rasa ba: Aminatu Saini ta zo ta huɗu a duniya a gudun mita 200 a Eugene ta Amurka a 2022, kuma duk wanda ya ga yaran karkara suna bin dabbobi ko suna tafiya lakwal mai nisa ya san irinta ba su ƙare ba.

Gaskiya ne arzikin Ingila ba na Nijar ba ne, kuma wanda bai ci ya ƙoshi ba ba a tambayarsa gudun mil. Amma mutanen 1877 ba da arziki suka fara ba. Yagaggun takardu gare su, da rabin yinin Asabar, da littafin da ake rubuta sunan wanda ya biya da wanda bai biya ba.

Nijar ta san yadda ake raya wasa. Gasar kokowar gargajiya da aka fara a Tawa a 1975 ta haura shekara 50, kuma duk lokacin da ake neman Takobi ƙasa kan tsaya cik. Ta kuma san yadda tsari ke mutuwa. Samariya ta zamanin Janar Saini Kunce ta gina azuzuwa, ta shirya wasanni a kowace unguwa, amma da yake jijiyarta na jikin mulki, da mulkin ya kau bayan babban taron ƙasa na 1991 sai ta bushe. Abin da hukuma ta shuka, hukuma ke ba shi ruwa, ranar da ta manta kuwa shi ke nan. Haka ƙungiyar da ta rataya a wuyan attajiri guda: ranar da kasuwa ta juya masa baya, ko ya yi fushi, ko Allah ya yi masa rasuwa, riguna kan tsufa a jikin yara ba mai sake su.

A nan ne ɗan kasuwa da ma'aikaci suke da abin yi wanda zakara ba zai iya ba. Alhajin da ke ba da kofi da ambulan ranar wasan ƙarshe, a buga masa ganga a kira sunansa a lasifika, ya yi abin kirki, amma na yini ɗaya ne. Da zai haɗu da ƴan uwansa biyar su sayi fegi a bayan gari tun ƙasa na da araha, ko da juji ne, a rubuta takardar da sunan ƙungiya ba da sunan ɗayansu ba, da ya yi abin da jikokin unguwa za su ci moriyarsa. Garuruwa suna faɗaɗa, ana yanka filaye, kuma filin wasan yara da ba shi da takarda shi ne farkon abin da ake cinyewa. Ma'aikacin da ya iya riƙe littafi kuwa, ya karɓi jika guda ya ba da rasit, ya tsaya gaban taro ƙarshen shekara ya karanta abin da ya shiga da abin da ya fita, ya sauka in wa'adinsa ya cika, shi ne iyalin Alexander na garinsu. Sai kuma a bar ƙofa a buɗe ga ƴaƴa mata, da ɗan talaka, da ɗan baƙo, domin ba wanda ya san ta inda mai ƙafar za ta ɓullo.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tsakanin ranar da aka sayi jujin Perry Barr da ranar da Diane Leather ta taka layi a kansa, shekara 28 ce. Waɗanda suka sa hannu a takardar sayen ba su san ta ba, domin a lokacin ba a ma haife ta ba.